Layar da Na Saƙa wa Yaya

Jikata ce ta tono mini wannan magana, ba da saninta ba. Tun da aka yi musu hutu take zama kusa da ni a inuwar darbejiya da kwarashi a hannu. Sai ta jingine wayar uwarta a jikin buta tana kallon hannun wata mata da ba ta san ko 'yar ina ce ba, matar na saƙa, ita ma tana bi. In ta ɓata, ta dangwala yatsa matar ta koma baya ta sake yi mata, ba tsawa ba ranƙwashi. Wani ɗan abu take saƙawa da jan ulu, bai kai ƙwallon goruba ba, da 'yar igiya a kansa. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce na ƙawarta ne da za ta zauna jarrabawa, za ta rataya a jikin jaka, wai don sa'a. Na ce Allah ya ba da sa'a, na juyar da kaina wajen katanga. Ita ta ɗauka gyangyaɗi nake yi, alhali jan ulun nan ne ya mayar da ni gidanmu na Gude.

A lokacin da nake faɗa, ba a san ulu a ƙauyenmu ba sai a jikin rigar sanyin ma'aikata. Auduga muka sani. Muna buɗe ido mu ji luguden taɓare daga maƙwabta, gida na amsa wa gida, har kana iya gane wadda ke daka daga yadda take sauke hannu. In rana ta ɗaga aka gama surfe da ɗebo ruwa, sai tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai kurciya da mazarin kakarmu yana juyawa a cikin ɗan kasko. Tana dangwalo alli da yatsa tana kaɗi, tana gyangyaɗi, zaren kuma bai taɓa tsinkewa ba. Yau ka shiga gida irin namu, injin niƙa ne ke ƙara daga bakin titi, rediyo a wannan ɗaki, waya a wancan, mazari kuwa ko sunansa jikokina ba su sani ba. Ba na cewa da can an fi jin daɗi. Mun sha wahala, hannuwanmu duk kanta. Amma a wancan shirun mutum yana jin zuciyarsa in tana yi masa magana, ni kuwa tawa ta yi mini, ban saurara ba.

Saƙar kwarashi wata baƙuwa ce ta kawo mana ita, matar malamin makarantar boko da aka turo garin. Ita ba ta daka, ba ta kiwo, sai ta zauna a ƙofar ɗaki tana saƙa hular jarirai. Ni da aka aika in kai mata nono sai na tsaya kallo har nonon ya fara tsami. Da ta ga na nace, ta sa maƙeri ya lanƙwasa mini tsinken ƙafar keke, ta ba ni wata tsohuwar jar rigar sanyi ta ce in warware, ta haɗa mini da wani shuɗin kwalin sukari da ya ƙare, in riƙa ajiye kayana a ciki. A wurinta na koya, da ranƙwashi da komai. Cikin wata biyu na iya hula, na iya safa. Inna takan ɗaga abin da na saƙa ta jujjuya shi ta ce, "Wannan yarinya hannu kamar na aljana, baki kuma kamar an ɗora masa dutsen niƙa." Gaskiyarta. Ni ce auta, kuma tun ina ƙarama in na yi laifi ba na ƙarya, ba na kuma faɗa, shiru kawai nake yi har maganar ta wuce. A gidanmu ana kiran wannan kunya, har yaba mini ake yi.

Mutum ɗaya nake iya buɗe wa baki, shi ne Yaya, wanda ya girme ni da shekaru masu dama. Shi ke goya ni in mun dawo daga gona, shi ke ɓoye mini rake a cikin rumbu, shi ke shiga tsakani in Baba ya ɗauko tsumagiya. Da ya tasa, noma bai riƙe shi ba. Ya sami gurbin yaron mota a wata babbar mota mai kai shanu Kudu. Inna ta yi kuka har idonta ya kumbura, don a lokacin wanda ya bi hanyar nan sai an ga dawowarsa ake cewa ya dawo. Baba kuwa ya kama jan zakaranmu ya nufi gidan Malam, dattijon da ke mana limanci, ya karɓo wa Yaya layar tsari. Na gan ta da idona, 'yar takarda ce an ninke ta ƙanƙane an naɗe da farin zare. Malam ya ce kada a buɗe, kada ta taɓa ƙasa.

A al'ada baduku ake kai wa laya ya ɗinke ta a fata. To badukunmu sai ranar kasuwa yake zuwa, motar su Yaya kuwa jibi za ta tashi. Ni da nake ta neman abin da zan ba shi na tafiya, ban da ko sisi, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Baba, ni zan saƙa mata gida." Ya dube ni, ya dubi Inna. Yaya ya yi dariya ya ce, "A ba Auta. Ni ta ulun ma nake so, ba wanda ke da irinta." Haka Baba ya sa mini ita a tafin hannu ya ce in yi alwala kafin in fara.

Washegari da hantsi na zauna a gindin turmi na fara. Ban taɓa saƙa abu da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Na matse idon saƙar ƙwarai don kada gumi ya shiga, na yi mata igiya mai kauri da za ta zagaye dantse. Saura in sa layar in rufe baki, Inna ta ƙwala mini kira in zo in kama mata tukunya. Na tuna Malam ya ce kada ta taɓa ƙasa, sai na ɗora ta a kan faifai, na ɗora faifan a bakin turmi, na ruga. Ban daɗe ba, wallahi ban daɗe ba. Ina dawowa na tarar da faifai a ƙasa, baƙar akuyarmu tsaye tana tauna, farin zare na reto a gefen bakinta. Na kama wuyanta na cusa yatsa har maƙogwaro, ta cije ni. Ba abin da na samu sai zare da yawu.

Yau in na ba da wannan ɓangaren mutum zai yi dariya, ni ma wani lokaci ina yi. A ranar kuwa ba abin dariya ba ne. Na tuna zakaran Baba, na tuna tsumagiya, na tuna sunan Allah ne a cikin cikin akuya, na tuna Yaya da ya ce a ba Auta. Abin da ya kamata in yi ƙarami ne. Gidan Malam bai fi jifa biyu ba, da na faɗa, da an zage ni, wataƙila a dake ni, kafin la'asar ya rubuta wata. Maimakon haka sai na yagi murfin kwalin sukarin nan, na ninke shi daidai girman layar, na saci zare a mazarin kaka na naɗe shi tsaf yadda na ga Malam ya yi. Na cusa, na rufe baki, na ƙulle. Da na kai wa Baba ya matsa da yatsa ya ji taurin abin a ciki, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Yaya ya ɗaura a dantsensa na dama, ya yi ta nuna wa abokansa. Na ce a raina in ya dawo zan gaya masa.

Ya dawo, ya koma, ya sake dawowa, ban faɗa ba. A shekara ta uku, cikin damina, motarsu ta ƙwace a wata gangara can Kudu ta kife. Direba ya rasu nan take, shanu suka karye, Yaya ya fito daga ƙarƙashi da ƙujewa a gwiwa kawai. Ranar da ya iso gida zaure ya cika. Ya naɗe hannun riga ya nuna jan ulun nan, ya ce, "Allah ne, sannan wannan." Aka yi ta sa wa Malam albarka. Daga wannan shekara Yaya ya ɗauki al'adar kai masa damin dawa duk kaka. Ni ma na sami rabona, aka ce hannuna na da sa'a. Mata suka daina jiran baduku, suna kawo mini layun jariransu daga ƙauyen Gammo, daga ko'ina, in saƙa musu gida. Waɗannan kam ban taɓa ajiye ko ɗaya ba, a ƙugu nake ƙulle su har in gama. Kullum aka yabe ni sai in sunkuyar da kai, a ce kai wannan yarinya da kunya take.

Aka yi mini aure a Sabon Birni ta wajen Gwarzo, Yaya ya zama direba, ya yi iyali. Sau biyu ulun ya tsufa ya kawo mini in sabunta. Ban warware tsohon ba, a kansa na saƙa sabo. Duk lokacin sai in yi tunanin in lallaɓa wurin Malam in karɓo ta gaskiya in musanya, amma in ce masa me? Da matar Yaya ta haifi mace, ya sa mata sunana, ya ce yana so ta ɗauko hannuna. Takwara nake kiranta. Yarinya ce mai surutu, ba ta ɗauko nauyin bakina ba. In na je gida ita ke fara tarye ni a zaure tana lalube mini jaka.

Tana shekara huɗu ƙyanda ta shigo gari. Aka aiko mini, na zo da safe na same ta kwance a ɗakin uwarta, jiki kamar garwashi, numfashi na fita da ƙyar. A lokacin mutane na tsoron kai mai ƙyanda asibiti, ana cewa allura na mayar da ita ciki. Amma uwar yarinyar ta ga abin ya wuce na gida. A gabana ta durƙusa ta ce wa Yaya, "Don Allah mu kai ta Gwarzo, ga mota a ƙofar gida. Ƙirjin nan nata ba na jin daɗinsa." Yaya ya naɗe hannun riga ya kwance layar, abin da bai taɓa yi ba sai in zai kawo mini, ya ɗaura wa yarinyar a wuya. Ya ce, "Wannan da ta fitar da ni daga ƙarƙashin mota, ƙyanda ce za ta gagare ta? A ba ta kwana uku mu gani." Ya juyo wajena, yana neman mai tsaya masa. "Ko ba haka ba, Auta?"

Matarsa ma ni take kallo. Na san abin da ke cikin ulun nan, ni kaɗai a duniya. Na buɗe baki zan faɗa. Sai na hango zauren nan da ya cika, da damin dawa na shekara da shekaru, da matan Gammo, da sunana da ke kan yarinyar. Na ce, "Haka ne, Yaya."

A rana ta uku da azahar suka ɗauke ta zuwa Gwarzo, ba su kai ba ta cika a hanya. Kowa ya ce ajali ne, ni ma na yi imani da ajali, ba na jayayya da hukuncin Allah. Ban kuma ce da takardar Malam ce a ciki da ta tashi ba, wannan ba ni da saninsa. Abin da na sani ɗaya ne, na san Yaya. Da na ce masa kwali ne, da kafin in rufe baki ya sungumi yarinyar ya tada mota, da safiyar nan, tana da sauran ƙarfi. Kwana ukun nan ni na ba shi su. Da aka yi mata wanka aka cire layar aka miƙa masa, ya mayar dantsensa, ya ce ita ba ta yi laifi ba, kwana ne ya ƙare.

Shekaru suka tura. Malam ya rasu, Baba da Inna suka bi, Yaya ya ajiye tuƙi ya koma gonar da ya gudu ya bari, yana ci gaba da kai dami gidan Malam wurin 'ya'yansa. Zamani kuma ya juya wa laya baya. Yaran da muka haifa suka yi karatu suka dawo suna cewa rataya ta ba daidai ba ne, dogaro ga Allah kaɗai ake yi. Mata suka daina kawo mini saƙa, na ji sanyi a raina, na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Ashe tana jira na.

Wata ƙaramar salla na je gida yini. Muna zaune a tsakar gida bayan an ci tuwo, babban ɗan Yaya ya sake tayar da zancen, da ladabi dai, amma ya nace. Ya ce, "Baba, shekara nawa kana ɗauke da abin da ba ka san mene ne a ciki ba? Bari mu buɗe. In ayar Allah ce sai mu adana ta inda ya dace." Yaya ya gaji da musu, ya kwance ya miƙa masa yana murmushi, ya ce, "Buɗe ka ga aikin malaman da, ba irin naku ba." Yaron ya sa reza. Ya yanka saƙata ta uku, ya yanka ta biyu, ya iso ta fari da ta koma baƙa don gumi. Ya warware zaren kaka. Kwalin ya yi laushi kamar ƙyalle, amma shuɗin bai gama fita ba, har da ragowar rubutun boko. Yaron ya jujjuya shi, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Baba, kwalin sukari ne."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana kamar ta Yaya a wannan lokaci ba. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ya ci zakaran Baba, ya ci dawata, ya ba ni kwali." Can kuma a hankali ya ce, "Da wannan na riƙe 'yata kwana uku. Allah ya isa tsakanina da Malam." Sannan ya juyo gare ni, idonsa cike da ƙwalla, tausayina yake ji. Ya ce, "Auta, ke ma an sa ki wahalar banza. Sau uku kina saƙa wa kwali riga."

Ina da furfura a lokacin, ina da jikoki, ba tsumagiyar da zan ji tsoro. Ga bawan Allah a kabari ana ja masa Allah ya isa a kan laifin da bai san an yi ba. Abin da nake tsoro shi ne idon Yaya, kada wannan tausayin ya juye ya zama wani abu. Na ce, "Yaya, a bar wa Allah." Abin da na iya ke nan.

Daga ranar bai ƙara kai dami ba, bai ƙara gaisawa da 'ya'yan Malam ba, in ya hango su sai ya sauya hanya, su kuma ba su san dalili ba. Na yi ta cewa in na je gaba zan faɗa. Bayan shekara biyu aka aiko mini da hantsi cewa ya faɗi a gona, kafin in sami mota in isa an riga an kai shi.

Bayan sadakar arba'in na ja ƙafa na je gidan Malam, na sami babban ɗansa, shi ma ya tsufa, na zayyana masa komai tun daga faifai. Da na zo kan akuya ya yi dariya, da na zo kan Takwara ya daina. Ya ce, "Hajiya, namu mun yafe, Malam ma na san da zai yafe. Amma ba mu ne masu maganar nan ba, mai ita ya tafi." Na ce na sani. Na gaya wa 'ya'yan Yaya, na gaya wa uwar Takwara. Ita dai ta tashi ta shiga ɗaki, har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai. Na faɗa wa kowa, ban da Yaya, mutum ɗayan da ya tambaye ni.

Jiya da la'asar jikata ta matso da ɗan abinta, ta ce matar cikin waya ta yi sauri a wajen rufe baki, ta kasa ganewa, in taimaka mata. Rabona da kwarashi an daɗe, amma yatsun ba su manta ba. Na matsa abin na ji laushi. Na ce, "Me kika cusa a ciki?"

Ta ce, "Auduga ce kawai, Kaka, daga tsohon matashi na ciro."

Na ce, "To in kin ba ta, ki gaya mata auduga ce."

Ta yi dariya. "Kaka ke nan. Ai ta sani, abin wasa ne fa."

Na ce, "Ko ta sani, ki faɗa da bakinki."

Na rufe, na ƙulle, na miƙa mata. Ƙawar tana jiranta a zaure. Daga inda nake zaune na jiyo ta tun ba ta ƙarasa ba tana cewa, "Ungo, na sa'a ne, amma Kaka ta ce in gaya miki auduga ce a ciki." Suka tuntsire da dariya suka fice. A numfashi ɗaya ta faɗa, ko tsayawa ba ta yi ba.